Wasiyya Domin 'Yan Makaranta: Me Ya Hana Mu Rubutawa?

Duk wanda yake aikin Ikkilisiya a Dutse, ko a garuruwan da ke kewaye da ita irin su Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun da Gwaram, ya san cewa watan Satumba wata ne na sallama a ƙofar gida tun da sassafe. Ba ka gama addu'ar asuba ba sai ka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, ka leƙa ka tarar da gwauruwa riƙe da takardar makaranta, ko kuwa yaron ne ya zo da kansa yana sunkuyar da kai don kunya. Maganar dai ɗaya ce: an koma makaranta, babu kuɗin zango, babu na littattafai, rigar bara ta yi kaɗan. Mu kuma abin da muka saba yi shi ne mu tashi a sujadar Lahadi mu yi sanarwa, a zagaya da kwanon baiko na biyu, a tara abin da ya sawwaƙa, a biya wa yara uku ko huɗu, sauran a ba su haƙuri. Shekara ta zagayo a sake yin haka.

'Yan'uwa, wannan kwano na biyu ya gaji. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, sa'an nan a watan Yuni na wannan shekara aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canzawa a kan wajen naira 460 a farashin gwamnati sai ga ta ta haura naira 1,500 a cikin 2024, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta watan Disamba na 2024 ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma wanda ya shiga kasuwar Shuwarin da wannan kuɗi ya san iyakar inda za su kai shi. Mutanen da suke sa hannu a kwanon baiko su ne dai mutanen da suke neman a taimake su.

Kada a ce gwamnati ba ta yin komai, domin faɗin haka rashin adalci ne. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne a makarantun gwamnati. A can sama kuma, a 2024 an kafa asusun ba ɗalibai rance, wanda ake kira NELFUND, domin 'yan jami'a da sauran manyan makarantun gwamnati, kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, suna cikin masu iya nema. To amma a lura da abu biyu. Na farko, rance ne, za a biya. Na biyu, tsakanin aji uku na ƙaramar sakandare da ƙofar jami'a akwai wani rami, kuma a cikinsa ne yaranmu suke faɗawa: shekara uku na babbar sakandare, da kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO, da na JAMB, da kuɗin motar zuwa wurin jarrabawa. Yaron da bai tsallake wannan rami ba, ba shi da abin da zai nuna wa masu ba da rance.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu musamman. Tallafin karatu na jihohi a Nijeriya yana bin takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ne. Da yawa daga cikin masu cika majami'unmu a Dutse iyayensu sun zo ne bayan 27 ga Agusta 1991, ranar da aka cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano aka mai da Dutse babban birni: ma'aikata, da 'yan sanda, da masu sayar da kayan gyaran mota, da kafintoci, daga Filato da Kudancin Kaduna da Bauci da Gombe da ƙasar Ibo da ta Yarbawa. 'Ya'yansu a nan aka haife su, Hausar Dutse ce a bakinsu, amma a takarda 'yan wata jiha ce da wasunsu ba su taɓa kwana bakwai a cikinta ba. A nan a ce musu baƙi, a can a ce ba a san su ba. Ga kuma 'yan'uwanmu Hausawa masu bi na ƙauyuka, waɗanda takardar asali ba ta gagare su ba, amma ba su da wanda zai bi musu layi a ofis.

Abin da nake so mu tattauna yau wata hanya ce da ba mu cika ambata ba a kan bagadi, wato mutum ya rubuta a cikin wasiyyarsa cewa wani kaso na abin da ya bari a yi amfani da shi wajen karatun yaran wata makaranta. Na san da jin kalmar wasiyya wasu za su ninke jaridar su ajiye. Ku yi haƙuri ku bi ni.

Bari in fara da laifin kaina. Shekarun baya akwai wani dattijo a majami'ar da nake hidima a lokacin, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, yana da shaguna biyu da ya gina da kuɗin sallamarsa. Da ciwo ya kwantar da shi na je gaishe shi, sai ya kama hannuna a gaban matarsa ya ce, Malam, shagon nan na gefen hanya, kuɗin hayarsa a riƙa biya wa marayun makarantarmu. Na ce, Baba, Allah ya ba da lafiya, ba yanzu ba. Na yi addu'a na tashi na tafi, ina ganin na ƙarfafa shi. Ban nemi takarda ba, ban kira shaidu ba, ban ce a nemo lauya ba. Bayan mako uku muka binne shi. 'Ya'yansa suka zo daga nesa, ba su ji wannan magana daga bakin mahaifinsu ba, kuma ba ni da abin da zan nuna musu. Ba su yi laifi ba da suka sayar da shagunan suka raba kuɗin, haƙƙinsu ne. Ni ne na ɗauki kunyar ambaton mutuwa na ɗora a kan nufin mutumin da ya amince da ni. Har yau idan na wuce ta gaban shagon nan nakan lissafa yawan yaran da da sun gama sakandare.

Me ya sa muke gudun rubuta wasiyya? Mafi yawa tsoro ne, wai wanda ya rubuta ya kira ajalinsa. Wannan camfi ne, ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce. A cikin Ishaya sura 38 an aiko annabi ya faɗa wa Sarki Hezekiya ya kintsa al'amuran gidansa, kuma kowane ɗan makarantar Lahadi ya san cewa bayan wannan saƙo sarkin ya ƙara shekara goma sha biyar a duniya. Mutuwa kuwa ba ta jiran takarda. Mu a Jigawa ba ma bukatar a tuna mana: a daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta fashe a garin Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu, yawancinsu majiya ƙarfi ne da suka kwanta da shirin gobe. Ambaliyar 2022 ma ta ci rayuka da gonaki a sassa da yawa na jihar nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A wannan fanni maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu tsari, kuma ba abin kunya ba ne mu faɗi haka. A shari'ar Musulunci, bayan an yi wa mamaci sutura an biya bashinsa, yana da damar yin wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya bisa uku na dukiyarsa ba, kuma ba a yin wasiyyar ga wanda yake da rabon gado sai da yardar sauran magada. Ragowar kashi biyu na magada ne, kowa da rabonsa a ƙayyade. Suna kuma da waƙafi, wato a tsayar da gida ko gona ko rijiya, ba a sayarwa ba a gada, amfaninsa kawai ake ci domin alheri. A nan Dutse mun ga yadda masarauta, a zamanin marigayi Sarki Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi wanda ya rasu a watan Janairu 2023, ta tsara tattara zakka ta hatsi da dabbobi da kuɗi gunduma-gunduma, a raba wa mabukata a bainar jama'a. Manomin da bai taɓa shiga aji ba a ƙauyen Kiyawa ya san ma'anar sulusi. Mu kuwa, da satifiket ɗinmu da komai, ba mu da wani ma'auni da kowa ya sani. Shi ya sa mai bi yakan yi ɗaya daga cikin biyu: ko dai ya mutu bai ce komai ba, ko kuwa zafin zuciya ya ɗebe shi ya ce duk abin da ya mallaka na Ikkilisiya ne.

Wannan na biyu ma ɓarna ce, kuma ina so shugabannin Ikkilisiya su ji ni da kyau. A cikin Markus sura 7 Ubangijinmu ya tsauta wa masu keɓe dukiya da sunan Allah don su kauce wa kula da iyayensu, Manzo Bulus kuma a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti ya yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da iyalinsa. Wasiyyar da za ta biya wa 'ya'yan wasu makaranta ta bar 'ya'yan mai ita suna talla, ba sadaka ba ce. Matar mamaci da 'ya'yansa su ne a gaba, mata da maza. Na ce mata da gangan, domin har yanzu akwai gidajen masu bi da ake hana 'ya mace gado da sunan al'ada, alhali tun a Littafin Ƙidaya sura 27 aka ba 'ya'yan Zelofehad mata gādon mahaifinsu, kuma a 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Ukeje, ta yanke cewa al'adar da ta hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. A ganina sulusin maƙwabtanmu iyaka ce mai hankali da za mu iya ara. Ga mai ƙananan yara ma ya yi yawa. Kashi ɗaya bisa goma, wanda kunnenmu ya riga ya saba da shi, ya isa.

Wani zai ce, Malam, wannan ai maganar masu kuɗi ce, ni me na tara? To ga labarin wata mata. Oseola McCarty baƙar fata ce a garin Hattiesburg na Jihar Misisipi a Amurka. Ta bar makaranta tun tana aji shida don ta yi jinyar 'yar'uwar mahaifiyarta, ta ƙare rayuwarta tana wanki da guga a gidajen mutane, tana kai 'yan canjinta banki. A 1995, tana da shekara 87, ta shirya yadda za a raba ajiyarta bayan ranta. An ce ma'aikacin banki ya jera mata sulalla goma a kan tebur, kowane ɗaya a madadin kashi ɗaya bisa goma. Ta ware ɗaya domin majami'arta, uku domin danginta, shida kuma domin jami'ar da ke garinsu, a riƙa biya wa ɗalibai marasa ƙarfi. Rabon jami'ar ya kai dala 150,000. Da labarin ya bazu, 'yan kasuwa da sauran jama'a suka ƙara nasu a kai, har ta ga ɗaliban farko da idonta kafin ta rasu a 1999. Ita ba ta da miji ko ɗa, shi ya sa rabonta ya zama haka, kada wani mai 'ya'ya bakwai ya ce zai kwaikwayi lissafin. Abin kwaikwayo shi ne sulallan nan goma a kan tebur: ta zauna da ranta da hankalinta, ta raba, aka rubuta.

A ƙasarmu ma ba baƙon abu ba ne. Richard Blaize, wani attajirin Ikko da ya rasu a 1904, ya bar fam 3,000 a wasiyyarsa, da su aka kafa makarantar koyon sana'a mai ɗauke da sunansa a Abekuta, wadda aka buɗe a 1909 ta kuma yi shekaru da dama tana yaye masu sana'ar hannu. Kuma idan muka duba tarihinmu na Arewa, makarantun Wusasa da Gindiri da Kagoro da suka yaye iyayenmu da malamanmu, da kuɗin wa aka gina su? Da baikon talakawan Ingila da Kanada da Amurka ne, waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Wannan rijiya ta ja baya tuntuni. Dayosis ɗin Angilika na Dutse an kafa shi ne a 1996, wato tsara guda ke nan ta Kiristoci ta yi aiki ta tsufa a wannan gari, ta gina gidaje da shaguna, ta sayi filaye tun suna araha. A cikin shekaru masu zuwa wannan dukiya za ta canza hannu, ko da takarda ko babu.

Yanzu bari mu zo kan yadda ake yi, domin nan ne kyakkyawar niyya takan lalace.

Wasiyyar da kotu za ta karɓa tana da sharuɗɗa da suka samo asali daga dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda dokokin jihohinmu suka bi sawunta. Dole ta kasance a rubuce. Mai wasiyya ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa idan bai iya rubutu ba bayan an karanta masa an fassara, a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Ba tilas ba ne sai da Turanci. Amma ga tarkon da mutane da yawa ba su sani ba: wanda ya yi shaida, ko matarsa ko mijinta, ba ya cin komai daga wasiyyar, kyautar da aka yi masa ta faɗi. Saboda haka kada ka sa ɗanka ko matarka shaida. Ni kuma shawarata ita ce fasto ko katikis ko shugaban makarantar da za ta amfana kada ya zama shaida, kada kuma ya zama shi ne ya riƙe alƙalami. Ko da zuciyarsa fara ce, ranar da magada suka je kotu suka ce an yi wa tsoho wayo a kan gadon ciwo, sunan Ikkilisiya ne zai ɓaci. Aikinmu mu ce je ka ga lauya, mu raka shi in ya so, mu tsaya a waje. Bayan an rubuta, a kai ajiya a sashen rajistar wasiyya na Babbar Kotu, a kuma sanar da wasiyyai, wato waɗanda aka naɗa su zartar da ita, inda take. Wanda ya yi auren rajista bayan ya rubuta wasiyya ya koma wurin lauya, domin irin wannan aure yakan soke tsohuwar wasiyya. Kuma a daina ruɗin cewa sunan da aka cika a fom ɗin banki a matsayin dangi mafi kusa shi ne magaji. Banki ba zai saki kuɗi mai yawa ba sai da takardar kotu.

Abu na gaba shi ne wanda na fi so a riƙe, domin shi ne darasin shekarun nan. Kada ka rubuta adadin kuɗi. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar nan, dala ɗaya wajen naira 10 ce. Mutumin da ya rubuta a wannan shekara cewa ya bar wa 'yan makaranta naira 10,000 ya yi babbar kyauta, kusan dala dubu. Da Allah ya ja kwanansa zuwa 2024 bai gyara takardar ba, wannan kyauta ba ta kai dala bakwai ba, ko takalmin makaranta mai kyau sai an yi ciniki. Saboda haka a rubuta kaso, kamar ɗaya bisa goma na abin da ya rage bayan biyan bashi, ko kuwa a ware kadara mai kawo amfani wadda farashinta yake tafiya da zamani: shago, ko ɗakin haya kusa da jami'a, ko gonar riɗi, ko 'yan itatuwan dabino, tun da Allah ya albarkaci ƙasar Dutse da shi har cibiyar binciken dabino ta tarayya tana nan. Kuɗin haya yana tashi tare da kuɗin makaranta. Buhun gero ma haka. Ko tunkiya biyu da aka ba amintaccen mai kiwo sun fi kuɗin da aka kulle a asusun da ba ya haihuwa.

Sai dai fili yana da nasa sharaɗi. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 abin da mutum ya mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani, don haka a tabbata takardun filin suna nan da sunan mai wasiyya. Gonar gado da ba a raba ba, wadda kai da 'yan'uwanka kuke nomawa tare, ba taka ba ce kai kaɗai, ba ka da ikon kyautar da ita. Wanda ya yi haka ya bar wa Ikkilisiya shari'a ne, ba kyauta ba.

Sa'an nan a rubuta a fili cewa domin ɗalibai ne. Na faɗi haka ne don na san halinmu. Idan aka ce kawai an bar wa makaranta ko an bar wa majami'a, kafin shekara ta zagayo kuɗin sun zama bulo da kwanon rufi, ko motar fasto, ko kuɗin taron sinod. Gini ba laifi ba ne, amma gini yana da masu son sa, domin ana manna allo da suna a jikinsa. Yarinyar da aka kora gida saboda kuɗin jarrabawa ba ta da mai yi mata kamfe a taron kwamiti. A ambaci makarantar da cikakken sunanta, da sunan amintattun da aka yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni waɗanda suke riƙe da ita bisa doka, domin yawancin makarantunmu ba su da wani matsayi a gaban kotu sai ta hannun waɗannan amintattu. A faɗi me za a biya: kuɗin zango, da jarrabawa, da littattafai, kuma a biya kai tsaye ga makaranta, a karɓi rasit. A naɗa masu kula aƙalla uku. Ni da za a bi tawa, ɗaya ya fito daga iyalin mamaci, ɗaya daga zumuntar mata, domin su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba, ɗaya kuma mai sanin lissafi. Kada a damƙa wa fasto shi kaɗai, ba don rashin amana ba, sai don ana yi mana canjin wurin aiki, wanda ya zo baya kuma bai san alkawarin ba. Kowace shekara a karanta lissafi a gaban jama'a.

Amma kuma kada a ɗaure wasiyya tamau har ta shaƙe. A birnin Filadelfiya na Amurka wani attajiri mai suna Stephen Girard, wanda ya rasu a 1831, ya bar dukiya mai ɗimbin yawa aka gina makarantar marayu da aka buɗe a 1848, tana nan har yau. Sai dai ya gindaya cewa marayu maza fararen fata kaɗai za a ɗauka. Aka yi ta shari'a da zanga-zanga, sai a 1968 baƙaƙen yara suka shiga, 'yan mata kuwa sai a 1984. (Ya ma hana limaman Kirista taka harabar makarantar, wato irina ko gaisuwa ba zai shiga ba.) Mutumin ya yi alheri babba, amma ya ɗaure shi da son zuciyar zamaninsa, aka bar na baya da kwancewa. Mu ma muna da namu darasin a gida: a shekarun 1970 gwamnatoci sun karɓe makarantun mishan da yawa. Makaranta takan canza hannu, takan canza suna, takan rufe. Don haka a ƙara layi guda cewa idan wannan makaranta ta daina aiki, masu kula su mai da tallafin ga yara mabukata a wata makaranta mafi kusa.

A nan ne zan faɗi ra'ayin da na san ba kowa zai yarda da shi ba. Ina ganin bai kamata a rubuta cewa 'ya'yan ɗarikarmu kaɗai, ko 'yan ƙabilarmu kaɗai, za su amfana ba. Ko a rubuta cewa a fara da marayun Ikkilisiya, a bar ƙofa a buɗe ga duk yaron da yake zaune a ajin, ko ɗan wane ne. Makarantunmu na Dutse ba 'ya'yan Kirista kaɗai ke cikinsu ba. Mu 'yan kaɗan ne a wannan jiha, muna zaune da maƙwabta da suke zuwa mana gaisuwar mutuwa muna zuwa musu barkar suna. Wanda zai ce kuɗina ne, ina da ikon zaɓa, gaskiyarsa ne, doka ta ba shi. Ni dai na faɗi abin da na gani.

Akwai masu cewa me ya sa za a jira mutuwa, ba gara a bayar da rai ba? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma wanda yake da hali ya fara tun yau, ya ɗauki yaro ɗaya ta hannun masu kulan da ya zaɓa, ya ga yadda suke riƙon amana kafin ya damƙa musu babba. Amma tsohon malamin firamare da shagonsa ɗaya shi ne abincinsa da kuɗin maganinsa ba zai iya sakin sa yana raye ba. Wasiyya ita ce hanyar da irinsa zai bayar ba tare da ya zama nauyi a kan kowa ba. Kuma wajibi ne ya zaunar da matarsa da manyan 'ya'yansa ya gaya musu da bakinsa tun yana da lafiya. Yawancin rigimar gado ba daga abin da aka rubuta take tasowa ba, daga mamakin jin sa ne a karo na farko bayan an dawo daga maƙabarta.

Abin da ya rage shi ne kuɗin lauya da na rajista, waɗanda suke tsorata mutane. A cikin majami'unmu na Dutse akwai lauyoyi da ma'aikatan kotu da suke zaune a benci ɗaya da mu kowace Lahadi. Ban ga abin da zai hana ƙungiyar CAN ta jiha, ko kowace ɗarika a karan kanta, ta keɓe Asabar ɗaya a shekara ta roƙe su su zauna da jama'a, a bayyana doka da Hausa, a rage wa gwauraye da 'yan fansho kuɗin rubutawa ba. Na kai wannan shawara gaban kwamitin majami'armu, an ce za a duba bayan bikin godiya na kaka.

Ni kam na rubuta tawa a bara, bayan na sha fama da maiɗakina wadda ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, tana cewa ina yi mata fatan takaba. Abin da na mallaka bai taka kara ya karya ba: babur ɗaya, da akwatin littattafai, da wani ɗan fili a bayan gari da nake biya kaɗan-kaɗan. Na rubuta kashi ɗaya bisa goma domin kuɗin jarrabawar 'yan ajin ƙarshe. Lauyan ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce a farashin yau wannan zai biya wa yara biyu, wataƙila uku idan filin ya yi daraja. Na ce ya rubuta haka nan.